Saiwa Kafin Fure: Nasiha ga Matasan Junju

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ɗan ƙanwata ya biyo ni har zaure da wayarsa a hannu. Ya ce, "Kawu, don Allah dubi wannan." Hoton wani ɗan itace ne wanda bai wuce ƙirjin mutum ba, ganyensa fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, fure shunayya ya lulluɓe shi tun daga ƙasa har bisa. Ya ce an gaya masa wannan itace ba ya neman ruwa, ko a hamada aka kafa shi sai ya yi, kuma yana so ya samo irinsa ya dasa a ƙofar gidansu. Na daɗe ina kallon hoton. Daɗin da na ji ba na furen ba ne kawai. Yaro ne ɗan shekara 17, tsararrakinsa hankalinsu na kan babur da ƙetara iyaka zuwa Kamba ko Malanbil, shi kuwa ya zo yana tambayar yadda ake raya itace. Amsar da na ba shi a zaure ba ta ishe ni ba, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, gare shi da ku duka, ƙannena da 'ya'yana na Junju da Karakara da Zabori.

Bari mu fara da itacen da ke cikin hoton. Asalinsa daga busassun ƙasashen Tekzas ne a Amurka da arewacin Meziko. Mutanen can masu jin Sifaniyanci suna kiransa da sunan da ke nufin toka, saboda launin ganyensa. Wannan farin da kuke gani ƙananan gashi ne da suka rufe ganyen, suna mayar da zafin rana, suna kuma rage ruwan da iska ke sha daga jikinsa. Yakan zauna watanni shiru, sai an yi ruwa ko iska ta yi laima, cikin 'yan kwanaki ya fashe da fure. Akwai kuma wasu itatuwan da ake haɗa su da shi a wani sunan nasa, dangin da masana ke kira Salvia, Faransawa su ce sauge. Su dangi ne babba, iri ɗaruruwa, kuma 'yan gida ɗaya ne da ɗaɗɗoya da na'ana'a da muka sani. Ɗaya daga cikinsu, ɗan bakin tekun Bahar Rum, shi Larabawa ke kira maramiyya, suna jefa ganyensa a shayi. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne son rana tsantsa da ƙasa mai saurin tsotse ruwa. Ƙishirwa ba ta cika kashe su ba. Abin da ya fi kashe su a lambunan mutane shi ne yawan ban ruwa, saiwa ta jiƙe ta ruɓe.

To, ku dubi inda muke. Junju, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Dioundiou, tana cikin Dallol Mauri, tsohon kwarin kogi da ya daina gudu tun zamanin da ba wanda ya gani, amma ya bar mana ruwa kusa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa muke da rake da ake lodawa zuwa Dosso da Yamai, shi ya sa muke da giginya, har a 2004 aka sa wannan kwari cikin jerin fadamun duniya da ake kiyayewa. Yankinmu na Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara a Gaya kanta, yana raguwa in ka nufo arewa. Amma duk wannan ruwa cikin wata huɗu ko biyar yake zuba. Daga nan sai hunturu, sai rani, sai bazarar da zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu. Saboda haka itacen da zai zauna da mu dole ya iya abu biyu masu karo da juna: ya jure wata bakwai babu ɗigo, ya kuma jure Agusta, lokacin da fadama ke zama taɓo. Ɗan Tekzas ya iya na farko. Na biyun ne nake jiye masa.

Kuma ba ƙasa ɗaya muke da ita ba, wannan ku riƙe shi da kyau. Mai gida a cikin kwari, inda rijiya ba ta da zurfi, da mai gida a kan tudu ko fako, inda sai an haɗa igiya da igiya, ba darasi ɗaya za su ɗauka ba. Ga kuma wuraren da kanwa ke fitowa fari fat a saman ƙasa da rani. Kafin ka tambayi sunan itace, fara sanin ƙasar ƙofar gidanku. Haƙa rami kamu ɗaya, ka cika shi da ruwa da safe. In ka dawo da azahar ka tarar ya tsotse, kana da ƙasar da irin waɗannan itatuwa ke so. In har gobe ruwan na nan kwance, sai ka tara ƙasa ka yi tudu ka dasa a kai, ko ka nemi wani wuri.

Abin da na fi so ku gane shi ne, Allah bai bar mu babu namu ba. Ku fita bayan gari a watan Maris, lokacin da ciyawa ta ƙare, ƙasa ta yi fari, ku ga wa ya rage da ganye. Sabara ce, da ganyenta mai toka-toka, kusan launi ɗaya da na cikin hoton. Kalgo ne. Tumfafiya ce, tana fure a kan juji babu mai ba ta ko kofi ɗaya. Mun raina sabara don ta yi yawa, muna sare ta kowace shekara a sassabe, muna ƙonewa. Amma masu bincike da suka yi shekaru suna aiki a gonakin Senegal sun nuna, a wani sakamako da suka fitar a 2018, cewa da dare sabara na jawo ruwa daga can ƙasa da doguwar saiwarta, ta sake shi a ƙasar sama, kuma geron da ke kusa da ita yana sha daga wannan ruwa. Tsofaffinmu sun daɗe suna cewa hatsin gindin sabara ya fi kyau. Ba su da na'urar aunawa, amma idonsu bai yi ƙarya ba.

Sai dai sabara ta daji ce, ba kowa zai so ta a tsakar gida ba. In kuna neman ɗan itace na gida, mai fure, mai ƙamshi, mai haƙuri da rani, wanda kuma zai biya ku wahalarku, ni lalle nake nuna muku.

Na san wasunku za su yi murmushi, su ce lalle ai na mata ne. Garin lallen ne kuka sani, wanda ake sayarwa a ƙulle a kasuwa. Da yawanku ba ku taɓa tsayawa kusa da itacen ba lokacin da yake fure. Furen ƙanana ne, farare ko masu ɗan ja-ja, a cure kamar zangarniya a kan reshe, ba su da wani kwarjini daga nesa. Amma ku zo bayan magariba, iska ta ɗan motsa. Ƙamshin na cika gida har ya tsallaka darni, maƙwabci ya tambaya wa ya kunna turare. Da safe kuma ƙudan zuma ne za su yi ta kai da kawowa a kansa, abin da duk mai amya zai gode maka. In an bar shi yakan kai tsayin mutum biyu ko fiye, in ana aske shi ya tsaya daidai ƙirji ya yi duhu. Tsofaffin rassansa na yin tsini kamar ƙaya, don haka jerin lalle shinge ne mai rai, ba ya buƙatar a sake shi duk shekara kamar zana. In rani ya tsananta yakan zubar da ganye ya yi kamar ya mutu. Kada ku tumɓuke shi. Ruwan farko zai nuna muku yana nan.

Kakata ta wajen uwa tana da guda uku a bayan ɗakinta, kusa da inda take alwala. Ban taɓa ganin ta ɗauki guga don su ba. Ruwan alwala da na wankin hatsi su ne abincinsu, kuma sun rayu sun ga fari na 1973, sun ga na 1984, shekarun da shanu suka faɗi, manyan itatuwa suka bushe a tsaye. Da na yi aure na kafa nawa gida, na yanko rassa 12 daga wajenta na jera. Ina son su ƙwarai, kuma son ne ya sa na ɓata su. Kullum safe da yamma sai na yayyafa musu ruwa, kaɗan-kaɗan, saman ƙasa ya jiƙa. Suka yi kore shar, ina ta murna. Da bazara tafiya ta kama ni ta mako uku. Na dawo na tarar da 9 sun bushe ƙurmus. Da na tumɓuke ɗaya na duba, saiwar duk tana shimfiɗe a sama, ba ta kai taƙi ɗaya a ƙasa ba. Ni na koya mata haka. Tunda kullum ruwa na zuwa mata a sama, me zai sa ta nutsa? Ukun da suka tsira su ne na can ƙarshen layi, waɗanda nake yawan mantawa da su, in na tuna in juye musu sauran bokitin gaba ɗaya. Har yau ina jin ciwon waɗannan tara, domin daga hannun tsohuwar suka fito, kuma ba ta daɗe ba bayan haka.

Wannan shi ne abin da ba a faɗa muku a ƙarƙashin hotunan waya. In an ce itace na jure fari, ana maganar babba ne wanda saiwarsa ta riga ta kai inda laima take. Ɗan dashe jariri ne kamar kowane jariri. Juriyar a shekarar farko ake gina ta, kuma hannun mai ban ruwa ne ke gina ta ko ya rushe ta. Ka ba shi ruwa mai yawa a lokaci ɗaya, wanda zai nutse kamu guda ko fiye, sa'an nan ka ƙyale shi har saman ƙasa ya bushe. Saiwa za ta bi ruwan zuwa ƙasa. A makonnin farko kwana biyu ko uku tsakani, daga baya mako-mako, in ya ga damina ta biyu sai ka janye hannu, sai fa in kana son ganye da yawa don yanka. Kada ka dogara da ido. Tura yatsa cikin ƙasa. In ka ji sanyi a gaɓa ta biyu, mayar da bokitinka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ramin dashe tun bazara ake haƙa shi, kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi. A cuɗa ƙasar da aka fitar da taki wanda ya riga ya ruɓe ya huce, cikin tafi biyu ko uku ya isa. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Kada ku cika taki don zumuɗi, irin waɗannan itatuwa ba masu haɗama ba ne. Wanda ke kan fako ya yi koyi da manoman Illela a jihar Tawa, da suka farfaɗo da matacciyar ƙasa da ramukan tassa da rabin wata tun ƙarshen shekarun 1980: ya tara ƙasar a gefen gangare, domin ruwan da ke gudu ya tsaya a gindin dashen. Wanda ke cikin kwari ya yi akasin haka, ya ɗaga gindin sama.

Iri kuwa ba sai kun kashe ko dala ba. Ku je wurin wata tsohuwa mai lalle a gida, ku gaishe ta da ladabi, ku roƙi reshe. Ban taɓa jin wadda ta hana ba, sai dai ta haɗa ka da addu'a. A zaɓi reshen da ya fara ƙwari, kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya da ɗan ɗori. A yanke da wuƙa mai kaifi, a zage ganyen ƙasa, a binne fiye da rabinsa, a danne ƙasa da dunduniya don kada iska ta shiga. Ku kula kada ku kifa shi, kan da ke sama a jikin uwa shi zai dubi sama. Lokacin da ya fi shi ne in damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ba ruwan farko mai yaudara ba. In shinge kuke so, ku bar kamu ɗaya tsakani. Ana kuma shuka 'ya'yan, amma suna da taurin ɓawo, sai an jiƙa su kwanaki ana sauya ruwa har su fara tsagewa, a yi renonsu a leda a inuwa. Ga mai farawa, reshe ya fi sauƙi. Ku dasa fiye da abin da kuke buƙata, domin ba duka za su kama ba, kuma wannan ba laifinku ba ne.

Akwai dabarar da nake so ta yaɗu a cikinku, musamman 'yan tudu masu sayen ruwa a jarka. Ku nemi tsohon tulu ko tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta da komai ba, ko da ta ɗan tsage. Ku binne ta har wuya kusa da dashen, ku cika da ruwa, ku rufe bakin da sakaina don sauro da ƙasa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun a hankali, kai tsaye wurin saiwa, rana ba ta sha ko kaɗan. Sa'an nan ku lulluɓe gindin da kara ko ƙaiƙayi ko busasshen ganye, amma ku bar ɗan fili kewaye da jikin itacen. In gara ta matsa, ku barbaɗa toka, ku riƙa leƙawa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna da kyau. Ruwan wanki mai sabulu da yawa kuwa ku kai shi nesa.

Sai babbar abokiyar gaba, akuya. Duk abin da na faɗa a sama aikin banza ne in ba ku yi kariya ba tun ranar dashe. Ba gobe ba, ranar. Ƙayar magarya ko ta aduwa, tsohon kwando da aka fasa gindinsa, tubali da aka jera da 'yan tagogi, duk wanda ya samu. Na ga dashen wata shida ya tafi a cikin minti biyar, don an bar ƙyaure a buɗe lokacin sallar la'asar.

In ya kai shekara, ku fara aski. Ku datse kan domin ya yi rassa ta gefe ya cika. Abin da kuka datse shi ne amfaninku: a shanya a inuwa, ba a rana ba, don kada launin ya koɗe, a kakkaɓe ganyen, a daka, a tankaɗe. A nan ina magana da ku 'yan mata musamman. Kun fi ni sanin yadda ake neman lalle in Sallah ta gabato ko in an sa ranar biki, kun san ba a kai amarya sai an yi ƙunshi. Kun kuma ga abin da baƙin haɗin nan na kanti ke yi wa fatar wasu, ƙuraje da ƙuna, saboda sinadarin rinin gashi da ake zubawa a ciki. Lallen da ya fito daga bayan ɗakinki, ke kika daka shi, kin san abin da ke cikinsa. Kuma kada ku ɗauka ƙaramar sana'a ce. A Indiya akwai wani gari, Sojat, a jihar Rajastan, inda ruwan sama bai kai namu ba. Da noman lalle garin ya yi suna, daga can ake kai shi ƙasashen duniya. Ba na ce ku bar rake da albasa ba. Ina cewa gefen garka, inda ba a shuka komai sai shingen ƙaya da ake sakewa duk shekara, zai iya zama layin lalle.

Shi kuwa wanda zuciyarsa ta kafe a kan baƙon itacen cikin hoto, ban hana shi ba. Son kyau ba laifi ba ne, kuma baƙo na iya zama ɗan gari. Dogon yaro daga Indiya aka kawo shi, yau babu unguwar da ba ta shan inuwarsa. Amma ku tuna da baƙuwar kainuwar nan mai fure da ke toshe kogin Isa, tana hana masunta da masu jirgi sakat. Daga Kudancin Amurka ta fito, kuma kyan furenta ne ya sa mutane suka yi ta yawo da ita daga ƙasa zuwa ƙasa. Saboda haka in ka samo baƙon iri wajen masu sayar da fure a Yamai ko Sakkwato, fara nuna wa ma'aikatan gandun daji. Ka dasa guda ɗaya ko biyu a tukunya mai huji a gindi, cikin yashi da ɗan tsakuwa, a inda rana ke bugawa yini guda, ka ɗauke shi daga bakin indararo in Agusta ta zo. Ka ba shi damina biyu kana kallo kafin ka raba wa abokai.

Kowace ranar 3 ga Agusta ana dashen itace a ƙasar nan, kuma da yawanku kun taɓa riƙe leda a filin makaranta ana ɗaukar hoto. Abu ne mai kyau. Abin da ke damuna shi ne ba mai komawa a watan Afrilu ya ƙirga nawa suka rage. Ku kwatanta da abin da ya faru a Maraɗi daga 1983, lokacin da wani ma'aikacin noma ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin suka lura cewa kututturan da ake sarewa duk shekara suna da rayayyar saiwa a ƙasa. Aikin kawai shi ne a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a kare su. Da wannan sassaben zamani aka kiyasta cewa gonaki kusan hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Maraɗi da Damagaram, wajen itace miliyan 200, akasarinsu ba wanda ya dasa su. Saiwar ce ta riga ta yi zurfi, mutane suka ba ta dama. In za ku yi dashe bana, ina roƙon kowannenku ya ɗauki biyar kacal, ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya zo ya gaya mini labarinsu bayan bazara.

Ɗan ƙanwata dai bai bar maganar ɗan Tekzas ba, har yanzu hoton na kan fuskar wayarsa. Amma da damina ta zauna ya zo da wuƙa, muka zagaya bayan ɗaki wurin ukun nan da suka tsira, waɗanda yanzu sun fi katanga tsayi. Ya yanki rassa 10, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu. Uwarsa ta ba shi tsohon tulunta da ya tsage a wuya. Bakwai sun kama. Shekaranjiya ya aiko ƙanensa ya ce in zo in gani, wai ɗaya ya zubar da ganye duka, yana tsoron ya mutu. Na je na kankare ɓawon da farce, na nuna masa koren da ke ciki. Na ce ya cika tulun, ya ƙara ƙaya ta gefen gabas inda na ga sawun akuya, kada ya sake taɓa shi sai Juma'a mai zuwa.